Fakitin tsofaffin zanen mabaratan Turai da ake sayarwa a Samaru: ya ci kuɗinsa, amma akwai gyara

Akwai wani ɗan shagon buga hotuna a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar jami'a, a saman bene yake, wasu matasa ne da suka gama sashen zane-zane na ABU suka haɗa jari suka buɗe. Aikinsu na kullum dai irin wanda kowa ya sani ne, katin biki, fastar 'yan siyasa, firem ɗin hoton amarya, bugun furojet na ɗaliban ajin ƙarshe. Amma a gefe suna da wani babban kwali da suke ajiye tsofaffin zanen Turawa da suka sauke daga shafukan gidajen tarihi suka buga a takarda mai kauri, kashi-kashi, akwai na dawakai akwai na jiragen ruwa akwai na taswira. Wanda ni na saya shi ne wanda suka rubuta wa "Talakawa da naƙasassu" a jikin ambulan, takarda 24 ne a ciki, kowace da ɗan bayani da Hausa a bayanta, N9,000 na biya gaba ɗaya, in kuma ɗai-ɗai kake so N500 ce guda.

Bari in faɗi hukuncina tun yanzu kar in ja ku da nisa, kayan sun ci kuɗinsu, duk malamin makaranta da duk wanda yake da naƙasasshe a gida ya kamata ya gansu. Amma akwai abubuwa da suka ɓata min rai sosai, kuma ɗaya daga ciki ba ƙaramin abu ba ne, zan zo kansa.

Ni malamin sakandare ne, Yayana kuma shan inna ta kama shi tun yana ƙarami, a keken guragu yake yawo, sana'arsa ma kenan walda da gyaran irin kekunan a Tudun Wada, da ita ya yi aure da ita yake ciyar da gida har da ni ya yi wa kuɗin makaranta. Toh kaga ba da idon ɗan kallo na buɗe ambulan ɗin nan ba.

Da farko ku gane wannan ba zanen fenti ba ne irin wanda ake yi guda ɗaya tak a rataye a fada. Zanen bugu ne. Mai zanen zai samu farantin jan ƙarfe ya shafe shi da wani abu mai kama da kaki, ya ɗauko allura ya riƙa zane a kai yana kankare kakin, sai a tsoma farantin a ruwan asid, asid ɗin ya ci duk inda allura ta bi ya bar ɗan rami siriri, a wanke a cusa tawada cikin ramukan a goge saman tas, a ɗora takarda mai laima a bi ta da injin matsi. Wasu kuma ba asid, da ƙarfe mai kaifi ake yankar farantin kai tsaye, wasu a katako ake sassaƙawa. Faranti ɗaya sai ya fitar da kofe masu yawan gaske, shi ya sa ya fi fenti araha nesa ba kusa ba, ɗan kasuwa da akawu da likita duk suna iya saya su adana a kundi. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Zariya fa, Bruce Onobrakpeya da duk Afirka ake ji da shi a zanen bugu a nan ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Ɗaya daga cikin yaran shagon ya nuna min wani guntun roba da yake sassaƙawa da kansa ya shafa tawada ya danna min a takarda nan take don in gane yadda abin yake, wallahi wannan kaɗai ya sa na ji ba 'yan neman kuɗi kawai ba ne, sun san abin da suke sayarwa.

Su kansu hotunan kyauta suke a intanet, ba su ɓoye min ba. Gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam ya daɗe da sakin hotunansa masu nauyi kowa ya sauke, na Metropolitan da ke New York shi ma ya saki nasa a 2017. Kenan abin da kake biya shi ne takarda da tawada da zaɓin da suka yi da bayanin Hausa. In kana da data da firinta mai kyau kai ma za ka iya, amma wa ke da lokacin tace dubban hotuna da sunayensu da yaren Holan da Faransanci.

Takardar farko a fakitin ita ce ta fi tayar min da hankali kuma ita muka fi daɗewa a kai ni da Yaya. An buga ta a birnin Antwerp da ke Beljiyam ta yanzu, a gidan bugun Hieronymus Cock, can wajen ƙarshen ƙarni na 16, an rubuta sunan Bosch, wani shahararren mai zane ɗan Holan, a jiki a matsayin mai zanen ko da yake masana da yawa sun fi ganin wani mai kwaikwayonsa ne ya zana. Guragu ne da masu dungu kusan 30 a warwatse a fili ɗaya, ba gida ba titi ba bishiya, kowa da yadda yake jan jiki. Wani ya ɗaure gwiwarsa a kan guntun katako, wani yana rarrafe da 'yan ƙananan katakai a hannu don kar tafinsa ya taɓa ƙasa, wani da sanduna biyu a hammata, wani yana kiɗa, wasu da ƙoƙon bara a rataye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila ko bakin masallacin Juma'a ya ga gurgu ya zura silifa a hannu yana tafiya zai gane katakan nan nan take, dabara ɗaya ce, shekara 400 da ɗoriya tsakani. Cututtukan ma ana iya gane wasu, akwai wata da ta addabi talakan Turai da suke kira wutar Anthony, daga wata fumfuna take da ke kama hatsin da talaka ke burodi da shi, jini ya daina kaiwa ƙafa, ƙafa ta yi baƙi ta ruɓe ta guntule. Ga kuturta ga raunin yaƙi.

Toh a ƙasan wannan hoton akwai 'yan baitoci da yaren Holan, kuma abin da suke cewa a taƙaice shi ne masu son cin banza da jakar bara su ne ke maida kansu guragu, suna ƙin tafiya daidai saboda abin da za su samu. Wato zagi ne, ana ce wa mai saye kalli waɗannan duk 'yan damfara ne. Ba a banza aka rubuta haka ba, zamanin ne haka. Wajen 1510 an buga wani ɗan littafi a Jamus mai suna Liber Vagatorum da ya jera nau'in mabaratan ƙarya har 28, har da masu cusa sabulu a baki ya yi kumfa su faɗi kamar masu farfaɗiya, Martin Luther, jagoran Kiristocin Furotesta, da kansa ya rubuta masa gabatarwa a bugun 1528. Garuruwa suka fara raba talaka gida biyu, wanda ya cancanci sadaka da wanda bai cancanta ba, Amsterdam ta buɗe gidan horo a 1596 inda ake tsare mabarata da 'yan zaman banza suna gurza wani itace mai tauri da ake rini da shi, Faris ta yi nata babban gidan tsarewar a 1656. Mu a jihar nan da muka ga an hana bara a titi a 2015 har mabarata suka fito zanga-zanga a Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba, maganar da aka yi a lokacin ita ce dai wannan, waye na gaskiya waye na ƙarya, kuma ba kasafai ake tambayar su masu abin ba.

Da na karanta wa Yaya ma'anar baitocin sai ya yi shiru yana juya takardar, shi ba fuskokin ma yake kallo ba, ɗaurin katakan yake dubawa da inda igiya ta bi da yadda nauyin jiki ya sauka, ido irin na mai walda. Yace "ka ga wanda ya zana wannan ya tsaya ya kalli mutanen nan da kyau, don wannan ɗaurin in ba ka gani da idonka ba ba za ka ƙirƙiro shi ba, wanda ya rubuta na ƙasan ne bai da mutunci." Ni kuma sai naga gaskiyarsa, domin a irin wannan aikin sau da yawa mai zane daban, mai yankar faranti daban, mai sa baiti daban, mai gidan bugun kuma abin da kasuwa za ta ɗauka yake nema.

A nan babban laifin shagon yake. Bayanin Hausa da suka liƙa a bayan wannan takardar cewa ya yi mai zanen ya yi ta ne don nuna tausayi ga naƙasassu da jan hankalin masu kuɗi su taimaka. Wannan ba gaskiya ba ne ko kaɗan, rubutun da ke jikin hoton da kansa ya ƙaryata su. Na gane ba da mugun nufi suka yi ba, sun ga guragu sun ɗauka ai duk wanda ya zana gurgu tausayinsa yake ji, amma ɗalibi zai ɗauki wannan ya haddace ya je ya faɗa a aji, kuma abin da ya fi muhimmanci a hoton shi aka shafe, wato ana iya kallon mutum da kyau a zana shi daidai sannan a sayar da hoton don a ci mutuncinsa. Na koma na gaya musu, babban cikinsu yace "Malam mun gode, za mu gyara in an tashi sabon bugu." Na yarda da shi amma duk wanda ya sayi tsohon bugun ya sani.

Takarda 10 daga cikin fakitin na Jacques Callot ne, mutumin Nancy a yankin Lorraine da ke Faransa ta yanzu, an haife shi 1592 ya rasu 1635, ya yi aiki a Florence ta Italiya a fadar gidan Medici kafin ya koma gida. Gwani ne na ƙarshe a wannan sana'a, shi ya kawo amfani da fanish mai tauri irin na masu haɗa kayan kiɗa a madadin kaki mai laushi, da wata allura mai yankakken baki da ke ba shi damar yin layi ya fara siriri ya yi kauri ya sake sirancewa. Jerin mabaratansa guda 25 ne, ya yi su wajen 1622 zuwa 1623, na farkon wani dogo ne cikin tsumma riƙe da tuta an rubuta masa kyaftin ɗin 'yan iska, kaga shi ma da ɗan zolaya ya buɗe. Amma sauran galibi kowa shi kaɗai aka tsayar a takarda ko su biyu, ba komai a bayansu sai fari. Akwai makaho da abokin tafiyarsa, akwai makaho da karensa, mai ƙafar katako, tsohuwa mai ido ɗaya, uwa da 'ya'ya uku, mai kiɗa da wani abu kamar goge amma murɗa shi ake da hannu. Abin da na lura shi ne Callot ya fi son tsumman fiye da mutumin, yadda ya zana yagar riga da faci kan faci kamar mai zana alkyabbar sarki, kyau ne da shi har ka manta yunwa ce a ciki. Ban ce mugu ba ne, amma ina jin tazara tsakaninsa da su, yana tsaye can gefe yana sha'awar siffa.

Inda ya kama ni shi ne takarda biyu da suka ɗauko daga jerinsa na bala'in yaƙi na 1633, guda 18 ne asali, ya yi su ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin da aka faro 1618 aka gama 1648, kuma a shekarar ne sojojin Faransa suka mamaye garinsu. Ɗaya ta nuna tsofaffin sojoji masu dungu suna jan jiki zuwa ƙofar asibiti, ɗayar suna kwance a bakin hanya suna bara suna mutuwa. Nan ba maganar ƙarya ko gaskiya, an nuna maka daga inda dungun ya fito. Wannan ita ce tambayar da hoton Antwerp ya ƙi yi, me ya same shi, wa ya jawo. Yaranmu da suka dawo daga daji ba ƙafa da mutanen ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da suka cika gari suna neman abin kai wa baki duk sun faɗo min a rai.

Sai Rembrandt, takarda 9, kuma in dai kuɗinka bai kai na fakiti ba to waɗannan ka zaɓa. Ɗan Holan ne, an haife shi a Leiden 1606 ya rasu Amsterdam 1669, yana saurayi wajen 1628 zuwa 1631 ya yi ta zana mabarata, kowa ya san ya ga na Callot ya koya daga gare shi, amma hannunsa daban ne, layinsa a hargitse yake kamar mai sauri, tsumman ba ya ƙyalli, nauyin jikin kake ji. Akwai kuturu riƙe da 'yar katakon da kutaren Holan ke kaɗawa don a ji zuwansu, akwai mai ƙafar katako da hannu a rataye, akwai tsoho da tsohuwa suna hira kowa ya dogara sandarsa, hira kawai suke kamar kowane miji da mata ba sa ma kallonka balle su roƙe ka. Akwai ta 1630 da wani mabaraci ke zaune a kan tudu ya buɗe baki ya miƙo hannu, in ka haɗa ta da hotunan da ya yi wa kansa a shekarar za ka ga fuskar Rembrandt ɗin ce. Ya sa kansa a tsumman. Kuma Allah da ikonsa a 1656 karayar arziki ta same shi aka yi gwanjon kayansa, da ya rasu a kabarin haya aka sa shi ba ko alama.

Wadda na fi so duk fakitin ita ce ta 1648. Iyali ne a ƙofar wani gida, mijin makaho da abin kiɗansa, matar da goyo a baya, wallahi goyo sak irin namu, ga ɗan yaro ya juya mana baya da ɗan kwano a ƙugunsa, mai gidan dattijo ya leƙo ta saman ƙofa yana sa mata kwabo a hannu. Ba wanda ya durƙusa ba wanda ya ɗaga kai. Hannu biyun nan sun haɗu a tsakiyar takardar kuma mabaratan su suka cika hoton, a tsaye suke da girmansu, mai gidan rabinsa kawai ake gani. Ba baiti a ƙasa, bai gaya maka ko sun cancanta ko ba su cancanta ba. Ita na sa wa firem na kai ofis.

Sai ta 1651, wani dattijo makaho daga cikin labaran littattafan Kirista, ya ji ɗansa ya dawo daga tafiya ya zabura zai tarye shi, ya ture abin kaɗi ya faɗi a bayansa, ɗan kare na shiga ƙafarsa, ya miƙa hannu yana laluben ƙofa amma ya ɗan kauce mata. Wannan ba bara yake ba, uba ne a cikin gidansa yana ɗoki. Na ji daɗi da suka sa ta, domin ita kaɗai ce a cikin 24 ɗin da naƙasasshe ba a titi yake ba. Wannan ma wani gyara ne, fakitin sai ya sa ka ji kamar naƙasa da bara abu ɗaya ne, alhali mu a garin nan mun san ba haka ba ne, Aliyu Namangi makaho ne kuma ABU da kanta ta ba shi digirin girmamawa saboda waƙoƙinsa, muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da tsarinsu da shari'arsu tun kafin Bature ya zo. Laifin ba na shagon kaɗai ba ne, Turawan ne suka fi zana na titi saboda su ake saye, amma da sun faɗi haka a bayanin.

Na William Hogarth, mai zane ɗan Ingila, guda ɗaya ne, layin 'yan giya na Landan na 1751 inda uwa ta bugu jariri ya suɓuce mata. Sananne ne, an yi shi da gangan a sayar sule ɗaya don ya yaɗu, amma ni bai dame ni ba, wa'azi ne da hoto, kuma a bugun shagon ya cushe sosai ba a ganin rabin abin da ke ciki.

Uku na ƙarshe daga John Thomas Smith ne, wanda ya fitar da kundin mabaratan Landan a 1817, kuma shi ya yi abin da sauran duk ba su yi ba, ya tambayi sunayensu da labarinsu ya rubuta. A ciki akwai Joseph Johnson, baƙar fata ne, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ya ji rauni ya koma tafiya da sanda, ba shi da fansho saboda jiragen 'yan kasuwa ya yi wa aiki ba na sojan ruwa ba, ba shi da haƙƙin tallafin unguwa saboda ba a can aka haife shi ba. Sai ya ƙera ɗan ƙaramin jirgi da filafilansa ya ɗora a kan hularsa, yana waƙa yana kaɗa kai jirgin na tangaɗi kamar a teku, mutane na leƙowa ta taga suna ba shi kuɗi. Yarana a aji wannan suka fi tsayawa a kai, wata yarinya tace Malam ashe har da baƙaƙe a Landan tun lokacin, daga nan darasin ya koma wani abu daban da ban ma shirya ba. Suna kaɗai ya canja komai, sauran hotunan "mabaraci" ne "tsohuwa" ce "makaho" ne, wannan kuwa wane ne ɗan wane da ya yi aiki aka yar da shi. Bayanin Hausa na wannan takardar ya yi kyau ƙwarai, sun kawo labarin daidai.

Yanzu maganar bugun kansa. Takardar mai kauri ce mara sheƙi, launinta ya ɗan ja zuwa ruwan madara, ta dace da aikin. Akwai mai sheƙi irin ta hoton biki da suke bayarwa a farashi ɗaya, kar ka karɓa, haske na dukanta layukan su ɓace. Baƙin tawadar ya yi yawa a wasu, musamman Hogarth da yaƙin Callot, inda ƙananan layuka suka haɗe suka zama dunƙule. Babbar matsalar dai girma ce, duk sun ja su sun cika A4, alhali na asali ƙanana ne ƙwarai, mabaratan Callot ba su wuce santimita 14 a tsaye ba, Rembrandt ɗin da ke zaune a tudu bai kai 12 ba, kamar tafin hannu. An yi su ne a riƙe kusa da fuska mutum ɗaya na kallon mutum ɗaya, da aka kumbura su sai layin ya yi kauri ya zama kamar fasta. Da na roƙa sun sake buga min guda uku a girman asali ba su ƙara min ko sisi ba, kuma bambancin a fili yake. Sun ce Laraba sai Asabar na samu saboda rashin wuta, wannan kam ban riƙe su da shi ba. Suna karɓar tiransifa, akwai POS a ƙasan benen.

Abin da ya rage shi ne benen. Matakala ce siririya mai tsayi ba abin riƙewa, shagon da ke sayar da fakiti mai suna talakawa da naƙasassu amma Yayana ba zai iya shiga ya zaɓa da kansa ba, a ƙasa ya jira ni cikin rana a kan kekensa. Na san haya suke, na san ba su suka gina ba, kuma dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019 ko manyan ma'aikatu ba su gama bin ta ba balle ɗan shago. Amma akwai abin da ba ya cin ko naira, su liƙa lambar waya a ƙasa su rubuta cewa duk wanda ba zai iya hawa ba ya kira a sauko masa da kwalin. Da na faɗa musu, ƙaramin cikinsu ya sauka da gudu da kwalin gaba ɗaya da kujera ya gaida Yaya yace "Baba a yi haƙuri ba mu sani ba," suka zauna a inuwar shagon mai shayi suna dubawa tare. Ya kyauta, sai dai bai kamata sai an faɗa ba. Na kuma ba su shawara tunda suna sassaƙa roba da hannunsu, su yi kofen biyu ko uku daga cikin hotunan nan da layi mai tudu yadda makaho zai shafa ya ji siffar, don akwai makafi da dama a cikin fakitin kuma makaho ba shi da hanyar sanin yadda aka zana shi. In za su ƙara wasu takardun kuma su nemo na Käthe Kollwitz, Bajamushiya da ta rasu 1945, mijinta likitan talakawa ne a Berlin, a unguwar ta zauna tana ganin matan da ke zuwa, duk fakitin nan ba hannun mace ko ɗaya.

In za ka je, ka je da safe kafin ɗalibai su cika wurin, ka ce takarda mara sheƙi kake so kuma a girman asali, kar ka yarda a yi maka laminetin don yana kashe layin, firem mai gilashi ya fi saboda ƙurar hunturu. Ka duba bayan takardar Antwerp ka ga ko sun gyara bayanin, in ba su gyara ba ka sa su cire shi kafin ka biya.